Babi na Shida: Dashbod ɗin da Rana ta Cinye

A cikin abubuwan da mai akori-kura yake kashe wa kuɗi, dashbod ne na ƙarshe. Inji in ya fara tari, a ranar ake neman bakanike. Taya in ta suɗe, ko da bashi sai an sayi wata. Sifirin in ya karye a hanyar Gamawa da buhunan gero a baya, ba a kwana sai an ɗaure shi. Amma dashbod, ko da ya tsage tun daga gindin gilashi har kan mita, soson cikinsa ya leƙo ya yi ja yana marmashewa, muddin mota tana tashi bugu ɗaya, sai a shimfiɗa masa kafet, a ɗora carbi da kwalbar turare, a ci gaba da neman abinci. Ban ga laifin kowa ba. Motar aiki ce, dashbod kuwa ba ya jan kaya.

Sai dai akwai ranar da maganar take tasowa. Ko dai za a sayar da motar, dillali ya leƙa ya ce, "Alhaji, wannan tsagar za ta rage mana kuɗi." Ko wani ya sayi tsohuwar Hilux a gwanjon wata ma'aikata yana so ya fito da ita fes. Ko kuwa ƙarar da ke fitowa daga gaban motar duk sanda aka hau gargada ta kai direba bango. A ranar ne mutum yake gane cewa dashbod ɗin motar da ta shekara 25 ko 30 ba abin da ake shiga kanti a ce a ba da sabo ba ne. Duk wanda za a kawo maka tsoho ne. Abin da ya rage ka bincika shi ne, a ƙarƙashin wace rana ya tsufa.

Dashbod mai laushi hawa uku ne. Can ƙasa akwai ƙashinsa, na ƙarfe ko na roba mai tauri. A kansa akwai soso. A sama kuma akwai fatar da ido ke gani, wadda a tsofaffin motoci yawanci PVC ce, wato robar nan da ake yin bututun ruwa da ita. Asalinta mai tauri ce. Don ta yi laushi ta lanƙwasu, sai a masana'anta a cuɗa ta da wani sinadari mai maiƙo. To shi wannan maiƙon ba zaunanne ba ne. Zafi yana fitar da shi kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara. Hazo-hazon nan da ke manne wa gilashin gaba ta ciki, wanda ake gogewa ya dawo, wani ɓangarensa daga nan yake tasowa. Idan maiƙon ya ƙare, fatar sai ta bushe ta tsuke, alhali tana manne da ƙashin da ba ya tsukewa tare da ita. Dole wani wuri ya ba da kai, kuma wurin da yake fara bayarwa shi ne inda aka riga aka huda: kusurwar ramin lasifika, bakin ƙofofin iska da ke gindin gilashi, gefen rumfar mita. Kamar faso ne a diddige lokacin hunturu. Da siririn layi yake farawa, in ya buɗe baki kuwa sai abin da hali ya yi.

Zafin da ake magana ba na wasa ba ne. A wani bincike da masana na Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka da abokan aikinsu suka wallafa a 2018, sun ajiye motoci a rana a ranakun da zafi ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin Salsiyas. Cikin awa ɗaya, saman dashbod ya kai kimanin digiri 69. Mu kuwa a ƙasar Katagum, a watan Afrilu da farkon Mayu, zafin inuwa ma yakan wuce 40. Motar da aka ajiye a bakin kasuwar Azare tun hantsi ana jiran lodi, gilasai a rufe saboda ɓarayi, ba sai an kawo ma'auni ba. Duk yaron motar da ya taɓa mantawa ya dafa dashbod da azahar ya san labarin. Sannan Disamba da Janairu su zo da sanyin asuba da busasshiyar iska, robar ta tsuke da dare ta buɗe da rana. Ga kuma abin da mu da kanmu muke ƙara mata. Turaren da ya zube yana narkar da roba. Fetur ma haka, kuma akwai masu wankin mota da ke goge dashbod da tsumman da ya sha mai don ya yi ƙyalli a idon mai mota.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A Amurka, akori-kurar Dodge Ram ta ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 ta yi suna wajen fashewar dashbod, nata ma na busasshiyar roba ne da ke ɓallewa gutsi-gutsi. Toyota kuma a 2014 ta amince ta canja wa masu wasu motocinta dashbod kyauta a can, saboda yana tsagewa ko ya yi danƙo a jihohi masu zafi. Bambancinmu da su, mutumin Texas zai zauna a ɗakinsa ya yi oda a intanet, a kawo masa sabon da wani kamfani ya ƙera daidai da motarsa. Mutumin Sakwa ko Madara kuwa tafiya ce a gabansa.

Tafiyar tana bin tsohuwar hanyar da komai ke bi a wannan ƙasa. Garin Katagum, wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, shi ne ya ba masarautar suna, amma tun 1916 da aka mai da fadar sarki Azare, ciniki da sana'a suka bi sarki. Yau wanda motarsa ta lalace a Katagum, in abin ya fi ƙarfin makanikan gari, Azare zai nufa. Nan ne garejoji suke, da masu rewaya, da masu kushin, da shagunan kayan gyara, saboda garin yana kan babban titin Kano zuwa Maiduguri. Abin da Azare ta rasa, sai a buga waya Kano, wajen kilomita 200 yamma, a tambayi 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa. Abin da Ƙofar Ruwa ta rasa, sai Ladipo a Legas, inda ake sauke kwantenonin motocin da aka yayyanka a ƙasashen waje. Kowane zango yana ƙara nasa kuɗin, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, duk abin da ya tsallako teku sai da farashinsa ya tashi, har tsohuwar roba.

Mai Fijo ya fi kowa shan wahala, abin mamaki, domin motarsa ce 'yar gida. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa. Don haka gawarwakin Fijo ba su da wuyar samu. Kusan kowane tsohon gareji daga Misau zuwa Jama'are akwai ɗaya a kife ciyawa ta fito ta cikinta. Matsalar ita ce duk a ranarmu suka tsufa. Wadda aka yasar a fili shekara goma ba gilashi, dashbod ɗinta ya fi naka mutuwa, ko da tsagar ba ta fito ba tukuna. Da zarar an kwance shi an ɗaga, sai ka ji ƙas. Wanda ya dace shi ne wanda ya samu na motar wani tsohon ma'aikaci da ta yi rayuwarta a rumfa, irin waɗanda magada ke sayarwa bayan rabon gado. Irin wannan in ka ji labarinsa, kada ka tsaya dogon ciniki.

Mai Hilux ko Mitsubishi L200 ko Nissan yana da zaɓi, domin tsofaffin kayan waje da ake kira Baljiyam suna shigowa. Dashbod ɗin da ya fito daga arewacin Turai shi ne na gaba: ƙarfen motocin can gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cinye shi, amma robar ciki takan zo da sauran ranta. Wanda ya fito daga ƙasashen Larabawa ko kudancin Amurka, ɗan'uwan naka ne a wahala. Akwai kuma na motocin da ambaliya ta cinye, waɗanda kamfanonin inshora na Amurka ke gwanjonsu. Robar lafiya ƙalau, amma in an haɗo maka da wayoyinsa, duba bakin soket-soket ɗin. In ka ga kore-kore ko busasshen taɓo, karɓi robar ka bar musu wayar.

Kafin duk wannan, akwai tambayar da ake jin kunyar yi saboda sauƙinta, kuma ita ce ta fi jawo asara: sitiyarin motar da aka ciro shi a wane hannu yake? Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, shi ya sa sitiyarinmu yake hagu. Amma Hilux ta yi yawa a Ingila da Japan da Tailan da Ostareliya da Afirka ta Kudu, inda sitiyari yake dama. Dashbod ɗinsu naka ne aka juya. A hoton waya, musamman in yana kife a ƙasa a cikin tarin kaya, ba kowa ke lura ba. Haka nan shekarar ƙira: Hilux ta 1988 zuwa 1997 daban, ta 1997 zuwa 2005 daban, wadda ta biyo bayansu kuma wata duniya ce. A cikin zubi ɗaya ma, mai esi da marar esi ba lallai ramukansu su zo ɗaya ba. "Zai shiga, Oga, ɗan gyara ne kawai," in ji mai kaya. Ɗan gyaran nan da zarto ake yin sa.

In da hali, mutum ya je da kansa ko ya tura bakaniken da zai yi aikin. A danna fatar da babban yatsa a wurin da rana ta fi duka: mai rai za ta lotsa ta dawo, matacciya za ta yi tauri ko ta yi ƙara. A juya shi a duba kunnuwan da ake ɗaure noti a jikinsu, don dashbod mai kyan fuska da karyayyun kunnuwa ba zai daina kaɗawa ba har abada. In kuwa aike za a yi daga Kano, a biya masa kujera. Na fi yarda da wannan da a ce an naɗe shi da kwali an ɗaure a saman but tare da buhunan kaya, igiya ta bi ta tsakiyarsa.

Ba kowace tsaga ce ta cancanci wannan ɗawainiyar ba. Mai kushin da ya san aikinsa yana iya ceto dashbod ɗin da ƙashinsa bai karye ba. Zai yanke leɓɓan tsagar da suka tashi, ya huda ɗan rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, ya cike, ya goge da samfefa, ya shimfiɗa siririn soso, sannan ya ja sabuwar leda a kai da gam yana ɗumama ta don ta bi lungu. In an kwance dashbod ɗin an yi aikin a kan benci, yakan yi kyau ya kuma daɗe. In a cikin motar aka yi, gefen gilashi ne zai fara ɗagowa kafin bazara ta biyu. Wanda ake ɗura wa sufa gulu da yashi kuwa, wurin ɗurin zai riƙe, sai sabuwar tsaga ta fito a gefensa. Launi ma abin lura ne. Baƙi ko ruwan toka marar ƙyalli ba don rowar ado masana'anta suke sa shi ba. Dashbod mai haske ko mai sheƙi yana haskowa a cikin gilashi, kuma wanda ya taɓa nufar Potiskum da sassafe ko ya nufi Kano da la'asar sakaliya, rana tana cikin idonsa, ya san ba ya bukatar ƙarin abin da zai kashe masa gani, ga babura ga shanu suna tsallaka titi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire dashbod a kai wa mai walda ya buga na falange, ko kafinta ya yi na katako. Ana yi, kuma yana da ƙarko, ƙarkon ne ma aibinsa. Soson nan ba don jin daɗi aka sa shi ba. Tun 1968 dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera mota su tausasa wuraren da kan fasinja zai iya buga in an yi karo, sauran duniya kuma ta bi. A gidan gaba na akori-kurar kasuwa, mutum biyu ne ko uku a gefen direba, ba mai ɗamara ko ɗaya, wani lokaci da yaro a cinya. In aka taka birki da ƙarfi, goshinsu dashbod zai tarar. A motocin baya-bayan nan kuma da ke da jakar iska a ɓangaren fasinja, wadda makanikai ke kira eyabag, fatar wurin an yi ta ne don ta yage ta ba jakar hanya. Wanda ya manne kafet mai kauri a kai, ko ya ja leda ya rufe wurin, ko ya jera kwalaben turare da ƙaramin firem, ya shirya abin da zai harbo fuskar na zaune.

Shi aikin canjin kansa, robar ce mafi sauƙinsa. Wahalar tana bayanta.

Farko a cire kan batir, na ƙasa, wato nagetif. In motar tana da jakar iska, littafin gyara na Toyota ya ce a jira aƙalla sakan 90 kafin a taɓa komai, soket ɗinta kuma ruwan ɗorawa ne, ba a gwada shi da fitilar gwaji. A daidaita tayoyin gaba. Sau da yawa ba sai an cire sitiyari ba, kwance notin da ke riƙe da sandarsa a sauke ta ƙasa ya isa. Daga nan sai rumfar mita, da mitar kanta, wadda a tsofaffin motoci akwai kebul ɗin gudu a bayanta da ake zarewa da hannu, ba a fizga. Sai rediyo, da aljihun gaban fasinja, da maɓallan fanka da wayoyin ƙarfen da ke buɗe ƙofofin iska. Notocin ƙarshe suna ɓoye a gindin gilashi da gefen ƙofofi. In an ja dashbod ya ƙi tahowa, saura noti ɗaya ne ba a gani ba. Ƙarfi ba ya cikin aikin. Mutum biyu ne suke fitar da shi, ta ƙofar fasinja. Kuma kada a fara da asubar hunturu, lokacin da kowane ɗan maƙalin roba yake jiran a taɓa shi ya karye. A bari hantsi ya ɗumama motar.

Bakanike mai hankali yana ɗaukar hoto da waya kafin ya zare kowane soket, ya liƙa wa wayoyi salatif ya rubuta, ya raba notoci a gwangwanayen madara. Wanda ya ce duk yana kansa, a ƙarshen aiki za ka ga ragowar notoci a tafin hannunsa yana cewa na banza ne kamfani ya sa.

Abin da za a tarar a bayan dashbod ɗin motar da ta yi shekaru tana dakon hatsi, shi ne dalilin da ya sa nake ganin kuɗin aikin bai tafi a banza ba ko da robar ba ta burge kowa ba. Ƙura dai ba a magana. Akwai sheƙar ɓeraye a cikin fanka, domin inda gero da gyaɗa suke zuba nan suke tarewa, kuma suna gwaguyar rigar waya. Akwai aikin duk wani mai rewaya da ya taɓa sa hannu a motar tun tana sabuwa: wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da ledar burodi, wayar rediyo da ta cajar waya da ta fitilar ado da aka jona kai tsaye ba fiyus, da fiyus ɗin da ya ƙone aka maye gurbinsa da zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli. Daga irin waɗannan wuraren ne wuta take tashi a mota, a inda hannu ba ya kaiwa. Ba a samun damar ganinsu a fili sai irin wannan rana. Don haka a kira mai rewaya tun kafin a rufe, a biya shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu dalma, ya sa fiyus na gaskiya. Yini guda aka yi niyya, ya zama biyu, ba komai.

Mita kuwa, a mayar da taka ta asali, ko da wadda ta zo da sabon dashbod ta fi ta kyau. Lissafin tafiyar motarka yana jikinta, sannan ta mai shan fetur da ta mai shan dizal ba ɗaya ba ne. Kafin a ɗaure noti na ƙarshe, a mayar da batir a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a ga fitilun gargaɗi sun kama. Biyu daga ciki ba a wasa da su. Fitilar batir, a tsofaffin motoci da yawa, ta cikinta ne wutar da ke tayar da altaneta take bi. In ba a jona ta ba, mota za ta tashi lafiya, ta yi tafiyarta, batir yana ƙarewa ba a sani ba, sai ta mutu da dare tsakanin Bulkachuwa da Dambam. Fitilar man inji kuma, tare da allurar zafi, su ne kaɗai bakin da inji yake da shi na faɗin yana cikin wahala. Soket ɗaya da aka manta a bayan mita ya isa ya sa a ƙona injin da kuɗinsa ya ninka na dashbod sau da yawa. A tayar da motar, a bar ta ta yi zafi, a ga allura ta motsa. A gwada hon, sigina, waifa, fanka, babbar fitila da ƙarama. Sannan a hau hanyar ƙasa, ba kwalta ba, a saurara. Inda roba ke gugar ƙarfe, guntun tsohon tub ko ƙyalle ya isa ya kashe ƙarar.

Tsohon da aka cire, kada a yi saurin miƙa wa 'yan gwangwan. A ciro ƙofofin iska, da maƙalai, da murfin aljihu, da duk wani maɓalli mai rai, don su ne abin da za a nema gobe a rasa. A kuma duba kusurwar hagu ta gindin gilashi. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suna da ɗan falange a wurin mai ɗauke da lambar shasi, harafi da lamba 17, wanda ake karantawa daga waje, kuma a wasu motocin a jikin dashbod ɗin aka kafe shi. In naka ya tafi bola, na wata mota ya zo ya zauna a wurinsa, to lambar da jami'in kwastan ko ɗan sanda ko ma'aikacin kiyaye haɗurra zai gani ta gilashi ba ita ce ke cikin takardunka ba. A shingen bincike, ga kaya a baya ga fasinjoji suna jira, bayanin cewa dashbod kawai aka canja ba ya saurin shiga kunne. A tabbatar lambar da ke gaban motar ta dace da wadda aka buga a jikin shasi da wadda ke takarda, a kuma karɓi rasit daga wanda ya sayar da dashbod ɗin, a haɗa shi da takardun mota.